Inda Hannun Baba Ya Tsaya

Baba mai fenti ne. Tun ba a haife ni ba yake hawa tsani, kuma ban taɓa ganin farcensa babu fenti a ƙarƙashi ba, ko ranar Sallah. In muka shiga adaidaita daga Kawo zuwa cikin gari, sai ya riƙa nuna gidaje da haɓa: wancan ni na yi, wancan ma ni ne, wancan kuwa na bar shi fari tas suka zo suka ɓata shi da shuɗi. Ni dai gajiya nake yi da zancen. Gidan wani ne, ina ruwana da launinsa?

Mu huɗu muka rage a gidanmu na Rafin Guza: Baba, Umma, Yaya da ni. Yaya ne ɗan fari, ni ce auta, na tsakiyarmu mata ne kuma duk sun yi aure. Na gama sakandare ina zaune, ina taya Umma suyar awara da yamma.

Baba daga wani ƙauye ya fito ta bayan Rigachikun. Ya shigo birni da burushinsa da kunyar ɗan fari, ya riƙe su duka biyun har ƙarshe. Ban taɓa jin sunan Yaya a bakinsa ba. Ba ya kiran sa, ba ya yi masa magana ido da ido, ba ya yabon sa. "Wancan" yake ce masa. In yana son wani abu a wurinsa, ni ce wayar.

"Ke, gaya wa wancan ya rufe famfo."

"Baba, ga shi nan kusa da kai fa. Ya ma fi ni kusa."

"Ke na aika."

Sai in juya in ce, "Yaya, wai ka rufe famfo," alhali ya riga ya rufe. Haka muka taso. Umma ma tana yi, amma nata da sauƙi, takan ce masa "babban mutum". Na taɓa tambayar ta ko Baba ba ya son Yaya ne. Ta ce in rufe mata baki, wanda aka fi so shi ake ɓoyewa. Na ce ai kuwa an ɓoye shi har ya ɓace.

Yaya bai gaji fenti ba, don tsoron sama yake yi. Ko kan katanga ya hau sai ƙafarsa ta ɗauki rawa. Faci ya koya, ya kafa rumfarsa kusa da tashar Kawo, da injin ba taya iska mai tukunya ja da dogon tiyo. Baba bai taɓa cewa komai a kan haka ba. Amma in ya wuce ta bakin tasha yakan tsaya daga tsallaken titi ya ɗan kalla, sannan ya wuce.

Baba yana da doka guda a sana'arsa: mai fenti ba ya hawa shi kaɗai. Dole wani ya tsaya a gindin tsani, ƙafarsa kan matakin farko, hannu biyu a jiki, ba hira, ba waige. Ya kori yaran aiki da dama a kan wannan. Shekara da shekaru wanda suke riƙe wa juna shi ne abokinsa, wani Kirista mutumin kudancin Kaduna, da muke kira Kawu. Wannan ya hau wancan ya riƙe, gobe su canja. Da gwiwar Kawu ta gaza ya koma garinsu, Baba ya ci gaba da duk wanda ya samu.

Sai jiri ya fara. Wata rana aka dawo mana da shi a mota, wai ya kai sama ya rungume tsani ya kasa gaba ya kasa baya, sai da aka hau aka sauko da shi kamar buhu. A asibiti suka ce hawan jini ne. Likita ya ce ya sha magani, ya rage gishiri, kuma shi da tsani sun yi bankwana. Baba ya ce to. Muna fita ya ce mai fentin da ba ya hawa ai mai wanke wa bango ƙafa ne.

Bayan gidanmu akwai benen wani Alhaji, tsohon ma'aikacin gwamnati. Bangon bayan benen shi ne katangar tsakar gidanmu ta gabas, dogo, ba komai a jikinsa sai wata 'yar tagar banɗaki can kusa da rufi. Alhaji zai aurar da 'yarsa, yana son a sabunta gidan gaba da baya, kuma ya ce ba ya son hannun kowa sai na Baba. Baba ya karɓa. Umma ta yi kuka, ta yi roƙo, ta haɗa shi da Allah. Ya ce ya riga ya amsa wa mutum.

Ranar ne Yaya ya aike ni, shi ma.

"Gaya wa Baba ya yi ƙasan bangon, iya inda hannunsa ya kai yana tsaye. Saman nawa ne."

Na ce, "Kai? Kai da ko kan akwati ka hau sai ka yi salati?"

"Ba ni zan hau ba."

Ya fito da wayarsa ya nuna mini. Wani dogon gini ne na gilashi a wata ƙasa, ga wani mutum-mutumi kamar kunkuru manne a jikinsa, yana tafiya sama yana goge gilashin, tiyo na reto a bayansa. Babu mutum ko ɗaya a sama. Ya ce iska ce ke riƙe shi, irin wadda yake ba taya.

"Iska ai turawa take yi, ba ta kamawa. Ko ni da na faɗi kimiyya na san wannan."

Ya ɗauko kofin roba ya kifa a bakinsa ya zuƙe, kofin ya manne masa a fuska kamar yadda muke yi muna yara. Ya cire ya ce in iska ta fito da gudu ta wani siririn bututu, takan ja iskar da ke ƙarƙashin ƙafar ta tafi da ita, sai ƙafar ta kama bango kamar kofin nan. Ban gane ba. Har yau ban gama ganewa ba. Amma na ga ya kama.

Na kai wa Baba saƙon yana wanke burushi. Bai ɗago ba. Ya ce, "Gaya masa na ji."

Washegari Yaya ya zo da sarƙa da kwaɗo, ya ɗaure tsanin Baba a jikin bishiyar gwaibarmu, ya jefa makullin a aljihu. Baba ya dubi tsanin, ya dube ni.

"Gaya wa wancan ba a ɗaure tsani kamar akuya."

Amma bai ce a kwance ba.

Abin da Yaya ya haɗa ba shi da kyan gani, gaskiya ɗaya ce. Gangar jikin ragowar ƙarfen taga ne. Ƙafafun murafen kwanon miya ne, ya yanka robar tsohon tif ya zagaye bakinsu. Sai da Umma ta nemi murafenta ta rasa, ta gan su a ƙafar abin, ta ce Allah ya shirya, ita yanzu da me za ta rufe miya? Famfon keke guda biyu su ne ƙarfinsa: ƙafafun gaba su kama, famfo ya ja jiki sama, na baya su kama, na gaba su saki su miƙa. A goshinsa ya ɗaura rolar fenti. Da farko da hannu yake buɗe bawul ɗin da ke sakin iskar bi da bi, daga baya wani abokinsa mai gyaran waya ya haɗa masa ɗan akwatin da ke yin haka da kansa.

Ni na fara ce masa tsaka. Umma ta ce a'uzubillahi, duk halittar duniya mu rasa sunan da za mu shigo da shi gidanta sai tsaka? Baba ya ce daga inda yake zaune, "Ƙadangaren wancan dai." Sunan ya bi shi.

Kullum bayan la'asar Yaya ya rufe rumfa da wuri, ya ɗoro injin a kura ya turo shi tun daga Kawo. Aikina igiya. An zura ta ta ƙarfen 'yar tagar nan ta sama, baki ɗaya a bayan ƙadangaren, ɗayan a hannuna, don in ya saki kar ya tarwatse a ƙasa. Da an tayar da injin, awarar Umma ta daina samun ciniki, don duk wanda ya shigo saye sai ya tsaya kallo.

Ranar da ya fara kamawa, na yi ihu ban sani ba. Abin ya manne, ya yi tsaki, ya ja jiki, ya sake yin tsaki, ya ja. Yana tafiya sama da gaske. Yaya ya juya wajen benci. Baba na zaune ya sunkuyar da kai yana tsefe gashin burushi kamar an biya shi. Amma ni ina kallon sa ta gefe, kuma burushin nan tun ɗazu ya fita.

"Gaya wa wancan tiyonsa zai kifar da kaskon uwarsa."

Iyakar yabon ke nan.

Matsalar ba ta daɗe ba ta fito. Ƙasan bangon, Baba ya riga ya kankare shi, ya cike ramuka da foti, ya shafe ya yi sumul, a nan ƙadangaren ke tafiya kamar a gidan ubansa. Daga inda hannun Baba ya ƙare, wani bango ne daban. Akwai tsaga a kwance, daga ita zuwa sama kuma ruwan indararo ya cinye filastar, ta yi kaushi kamar bayan kada. Da ƙafa ta taka nan sai iska ta shige ta ƙarƙashin robar, ka ji fuuu, ya saki. Igiya ta fizge ni. Tafin hannuna ya saɓule har na koma ɗaura tsumma.

Yaya ya canja roba. Ya sa soso. Ya shafa giris. Ya ƙara ƙafa. Ya ƙara wa injin wuta har tiyo ya fashe ya zane shi a wuya. Kullum wuri ɗaya: tsagar nan, fuuu, igiya.

Masu kallo suka fara gajiya da tausayi suka koma dariya. Wani dattijo ya ce, "Mai faci, ka koma wa tayarka, ita ko ba komai a ƙasa take." Wata ta ce ai ko ƙadangaren Allah sai ya ga dama yake hawa.

Wata yamma da ya sake faɗowa na kasa haƙuri.

"Yaya, ka daina wahalar da mu. Ba ƙafar ba ce, bangon ne. Abin nan naka ba ya hawa sai inda Baba ya shafe."

"Na sani."

"To wa zai shafe saman?"

Ya dube ni kamar zai mare ni. Ya rage murya ya ce zai yi masa ƙafar da za ta kama ko dutse ne, kuma kar in kuskura in kai maganar nan gaba. Gaba ina? Baba na kan bencinsa. Tsakar gidanmu ba ta kai a yi sirri ba.

Biki ya matso. Alhaji ya zagayo da kansa, mutum mai kawaici, ya gaida Baba, ya kalli ƙadangaren ya ce ma sha Allah, sannan ya ce ko a samo wasu yara su hau su ƙarasa saman, ba don ya raina ba. Yaya ya ce a ba shi zuwa Asabar. Alhaji ya ce ba komai, Asabar ɗin zai zo ya gani da idonsa, har da baƙinsa in sun iso. Bayan ya fita Yaya ya zauna gaban abin ya haɗa kai da gwiwa. Shi ya sani, ni na sani, babu ƙafar da zai ƙera kafin Asabar.

Ranar Alhamis da hantsi Umma ta tafi suna, Yaya yana Kawo. Baba ya kira ni ya ce in je in sayo masa samfefa, takardar goge bango, mai laushin sosai, in ban samu a Kawo ba in wuce babbar kasuwa.

"Baba, rana fa. Ba za ta jira yamma ba?"

"Da za ta jira da ban tashe ki ba."

Na tafi ina ƙunƙuni. A Kawo na samu, amma na ce tunda an fito da ni sai na huta, na biya wajen wata ƙawata. Ana kiran azahar na shigo layinmu. Tun daga nesa na hango takalma a ƙofar gidanmu, da yawa, a warwatse, irin na mutanen da suka shiga da gudu.

Baba na kwance a kan siminti wajen da Umma ke wanke-wanke, idonsa biyu. Tsanin na gefe. Maƙwabciyarmu ce ta ji ƙarar ta leƙo. Sarƙar na nan a jikin gwaiba, kwaɗon a kulle. Ashe ƙusar matakin da sarƙar ta zagaye ya zare, ya fitar da tsanin, ya mayar da matakin ya buga.

Na ɗaga kai. Daga tsagar nan zuwa sama an shafe bangon da foti, fari, sumul, faɗinsa daidai faɗin ƙadangaren da ɗan ƙari. Hanya ce miƙaƙƙiya. Ta tafi har ta kusa rufi, saura kamar kamu biyu. A nan ta ƙare, sai wani zane da ya karkace ya yi ƙasa, inda makankarin da yake shafa fotin da shi ya ja bango lokacin da tsanin ya zame.

Ni na je na kira Yaya. Ban iya yi masa kwana-kwana ba, ban iya ba dama. Na ce, "Baba ya faɗo." Ya ce, "Daga ina? Makullin na aljihuna." Ya ma fito da shi ya nuna mini.

A asibiti suka ce ƙashin baya ne. Daga ƙugu zuwa ƙasa babu abin da yake ji. Da suka bari muka shiga wajensa, Yaya ya tsaya a bakin ƙofa, Umma ta zauna tana jan carbi. Baba ya dube ni ya ce, "Samfefar fa?"

Nan na manta asibiti ne.

"Baba, kai da bakinka ka ce mai fenti ba ya hawa shi kaɗai! Yara nawa ka kora a kan haka? Ina gidan, ina da hannu biyu. Me ya hana ka ce in riƙe maka?"

"Da kin bari na hau?"

"Wallahi da ban bari ba."

"To."

Ya rufe ido. Can ya ce, "Kuma da kin gaya wa wancan."

Da asibiti suka gama abin da za su iya, muka dawo da shi gida. Biki ya zo ya wuce, Alhaji ya sa wasu suka yi masa gaban gidan, bayan kuwa ya ce kar kowa ya taɓa. Yaya ya cusa ƙadangaren a buhu ya jefa bayan ɗaki. Shi ke ɗaga Baba, shi ke juya shi, shi ke yi masa wanka da duk abin da ba a faɗa. Safe da yamma. Kuma duk wannan ba wanda ke ce wa wani komai. Mutum yana rungume da ubansa, uban yana kallon rufi, ɗan yana kallon ƙasa. In ruwan ya yi zafi, ni za a ƙwala wa kira daga tsakar gida in zo in faɗa.

Masu dubiya kuwa kowa da abin da ya kawo a baki. Wasu su ce ƙaddara, su yi shiru, waɗannan na gode musu. Wasu sai sun ƙara da cewa ai tun da aka shigo da ƙarfen nan suka san ba alheri. Wata gwaggonmu ta ce a fito da shi a ƙona, a gaban Yaya ta faɗa. Na ce mata ƙarfe bai zare ƙusa ba, in ƙonawa take so ta fara da bakinta. Umma ta kore ni ɗaki. Yaya bai kare kansa ba. Ya rame, ya daina cin abinci a gida, ya daina ɗaga kai in zai ratsa tsakar gida.

Ana gab da faɗuwar damina Kawu ya zo. Labari ya iske shi a makare. Ya shigo yana dogara sanda, da buhun acca da citta da kaza a ɗaure. Bai shiga ɗaki ba sai da ya tsaya ya daɗe yana kallon bangon. Sannan ya shiga ya zauna a bakin katifa.

"Wa ya riƙe maka?"

"Babu."

"Tsohon banza."

"Kai ka gudu ka bar ni, arnen kirki."

"Na gudu, ko gwiwa ta gudu? Da ka aiko, da ko da rarrafe na zo na zauna a kan matakin nan." Ya share fuska da hula. Can ya ce, "Amma hannun na nan. Ko ƙuda ya sauka a wurin nan sai ya zame."

Na ce ai bai ma samu ya goge da samfefa ba, tana nan a ledarta.

Kawu ya dube ni. "'Yata, ubanki in ya ja makankari ba a bin bayansa da samfefa. Wa ya ce miki yana buƙata?"

Baba ya juya fuska bango.

Da Yaya ya dawo da yamma ya durƙusa ya gaida shi, Kawu bai tsaya kewaye-kewaye ba, su ba su da wannan kunyar tamu. Ya kira shi da sunansa, da ƙarfi, a cikin ɗakin Baba. Ya ce, "Ubanka ya yi maka hanya da bayansa, kai ka bar ta a buɗe? Foti in ba a rufe shi da fenti ba, ruwan farko zai jiƙa shi, na biyu ya kwashe. Ka ga hadarin can?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Kazar da ke ɗaure a waje ta yi kuka. Sai Baba ya ce, "Ke."

"Na'am."

"Gaya wa wancan aikin da ba a rufe ba asara ne."

Washegari bayan la'asar na ji ƙarar kura a layi. Yaya ya shigo da injin, ya rufe ƙofar gida ya sa sakata. Umma ba ta kafa kasko ba. Ya zazzage buhun, ya goge ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ya dama fenti ruwan madara, launin da Baba ya yi ƙasan da shi. Shi da Kawu suka jawo katifar Baba zuwa bakin ƙofar ɗaki, aka tokare masa baya da filo. Na zagaya gidan Alhaji na zuro igiya, na dawo na naɗe tsumma a hannu.

Ƙadangaren ya kama. Tsaki, ja. Tsaki, ja. Rola na barin danshin fenti. Da ya doshi inda tsagar take, hannuna ya ƙanƙame igiya da kansa, jikina ya saba. Ƙafar gaba ta taka. Ban ji fuuu ba. Ta baya ta biyo. Ya wuce kamar ba a taɓa yin tsaga a wurin ba, ya ci gaba, sama da inda ya taɓa kaiwa, sama da tsayin ɗakinmu, tiyo na bin sa yana reto. Igiya ta yi sako-sako a hannuna, ina ta naɗewa. Umma ta sa mayafi ta toshe baki.

Dab da karkataccen zanen nan Yaya ya danna akwatin. Ƙadangaren ya tsaya cak, manne a can sama, iska na fita ta bututunsa.

Baba ya daɗe yana kallo. Ban taɓa ganin ya kalli wani abu na Yaya haka a fili ba.

"Ke."

"Na'am."

"Gaya wa wancan..."

"A'a, Baba. Igiya ce a hannuna. Ga shi nan, ga ka nan. Ni na gaji da aike."

Umma ta ce, "Ke!" Kawu ya ɗaga mata hannu. Injin na ta bugawa. Baba ya motsa baki, ya fasa. Bai juyo ba, idonsa na kan bango. Sai ya ce, "Kai."

Yaya ya ɗago.

"Fentin ya yi ruwa. Ga shi can yana zuba. Gobe ka rage ruwa."

"To, Baba."

Ya zagaya bayan injin ya tsuguna kamar mai duba mai. Ƙarar ta rufe komai, amma kafaɗunsa muna gani. Ni kuwa ba halin share ido, hannu biyu na kan igiya.

Goben ya rage ruwa, ya sake bi. Baba ya ce ya yi. Wannan ma shi ya gaya wa, ba ni ba. Sunan dai bai faɗa ba, har ya koma ga Allah kafin damina ta ɗauke. Yaya ne ya yi masa wanka.

Ƙadangaren yanzu yana rataye a rumfar Kawo. Direbobi sukan tambaya mene ne, ya ce tarkace ne. Murafen Umma na nan a ƙafarsa, ba ta sake neman su ba. Wasu in sun ji labarin sukan ce kash, da ya samu mai taimako da abin ya je wani wuri. Ni ban sani ba, kuma ba wani wuri aka yi shi don ya je ba. An yi shi ne don kar Baba ya hau tsani.

Bangon yana nan yadda aka bar shi. Ƙasa ruwan madara, sama baƙi-baƙi da kaushi, a tsakiya layi ɗaya ya miƙe har kusa da rufi. Zanen makankarin da ba a rufe ba ruwa ya wanke shi tun daminar farko, sai 'yar alama in rana ta haska ta gefe. A nan igiyar shanyarmu take ɗaure, don haka kullum sai na ɗaga kai, ko ina so ko ba na so.

Na taɓa tambayar Yaya me ya sa bai gwada ƙarasa kamu biyun nan ba. Yana cire ƙusa daga wata taya, bai ɗago ba. Ya ce ƙafar ba ta kamawa a wurin.